Inda Hannun Kaka Ya Tsaya

Jiya da hantsi ina gyaran naman miya, bakin wuƙa ya shiga ƙarƙashin wannan farin tantanin da ke lulluɓe da tsoka. Na ja shi, ya taso yana sheƙi, har ina hango yatsana ta cikinsa. Sai na tsinci kaina zaune da wuƙa a hannu ban yanka ba, ruwan tukunya yana ta tafasa shi kaɗai. Kun san shi ai, duk wadda ta taɓa gyara nama ta san shi. Yawancin mata cirewa suke su jefa wa kyanwa. Ni kam sai na tsaya na dube shi tukun, domin shi ne ya kusa raba ni da hannun dama.

Ina da shekara tara lokacin, a gidanmu na Gaya. Babana direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, yana ɗauko kaya daga Kwatano, in ya tafi sai mu yi kwana goma ba mu ga ƙeyarsa ba. Gidan na hannun Inna da kakata, mahaifiyar Baba, wadda ta baro wajen Bengu bayan rasuwar mijinta ta zauna da mu. Ita ce mai tausa a unguwarmu. Masu jego, manoman da baya ya riƙe, matan da dakan gero ya ci wa kafaɗa, duk tabarmarta suke nufa. Ni kuwa ba na jin magana, gaskiya ce ba zan ɓoye ba. Babu mangwaron da ban san reshensa ba. Saboda haka Kaka ba ta taɓa kirana da sunana, Birinya take ce mini, ni kuma in ce mata tsohuwa mai warin man kaɗe.

Ƙarshen bazara ne na faɗo daga mangwaron maƙwabta, na sauka a kan gwiwar hannun dama. Maɗori ya zo ya ɗora da kara da tsumma, ya faɗi ranar da za a kwance. Kaka ba ta nan, ta tafi Bengu jinyar ƙanwarta. Inna kuwa tsoro ya kama ta, ta ga kamar in aka ƙara kwanaki ƙashin zai fi kamawa, sai ta bar ɗaurin ya ƙara kusan wata guda, hannun yana rataye a wuyana da ɗankwali. Ban taɓa ganin laifinta ba, ƙauna ce ta sa. Amma ranar da aka kwance, hannu ya fito siriri, ya ƙage a lanƙwashe. Ba ya miƙewa, ba ya kuma naɗewa har ya kai baki.

Ku da kuka tashi kuna cin tuwo da cokali ba za ku gane nauyin wannan ba. A gidanmu yara kwano ɗaya suke ci, kuma hagu ba ta shiga kwanon jama'a. Sai aka ware mini ƴar tasa, ina zama gefe ina ci da hagu, yayyena suna satar kallona suna ƙunshe dariya. In baƙo ya miƙo mini abu sai in noƙe. A lakwal, wato makarantar boko, alli ya gagare ni. Na ji kunya, na ji haushi, na kuma ji tsoro ƙwarai, don da kunnena na ji wata maƙwabciya tana gaya wa Inna cewa haka zan tabbata.

Da Baba ya dawo ya ga abin, sai ya yi irin ta direbobi, su da in ƙarfe ya lanƙwashe ƙarfi suke sa masa. Ya cika buta da yashi ya ce in riƙa zagaya tsakar gida da ita safe da yamma, nauyin zai ja hannun ya miƙe. Kwana huɗu na yi, gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ta ƙara ƙagewa. Daga nan ya kawo zancen wani mutum a ƙetaren gada, wajen Malanbil, wanda ake cewa zama ɗaya yake miƙe irin wannan. Ƙarti biyu su danne yaro, shi kuma ya sa gwiwa ya banƙare. Aka sa Asabar.

Ran Alhamis Kaka ta sauka daga mota da ƙullin kayanta da karan rake biyu. Ko ruwa ba ta sha ba ta zaunar da ni. Abin da ya ba ni mamaki, ba ta fara da gwiwar ba. Wuyana ta fara shafawa, ta gangara allon kafaɗa, ta shiga hamata, ta bi haƙarƙari. Idonta a rufe, bakinta yana motsi. Da ta zo kan gwiwar ta daɗe, sannan ta ce a aiko mata da ƙafar gaba ta akuya daga mahauta, guda biyu, kada a cire musu komai.

Baba ɗan fari ne, don haka Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune gabanta sai ta dubi bango ta ce a gaya wa mai motar nan kaza. Haka ta yi ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Ta ɗauko ƙafar akuya ɗaya da ta rufe da ɗanyen ganye, ta sa yatsa ta motsa tsokar, tana zamewa sumul a ƙarƙashin tantaninta. Ta ɗauko ɗayar da ta shanya a rana tun safe, tantanin ya bushe ya manne. Ta miƙa wa Inna ta ce a ba mai motar nan ya miƙe ta. Baba ya sa ƙarfi ya ja, muka ji ɓarat, tsoka ta yage daga ƙashi.

Kaka ta ce wa bango, “Ƙashin yarinyar ya kama. Rigar naman ce ta bushe ta manne, tun daga kafaɗa. Ita ba ta jin ƙarfi, lallashi take ji. A ba ni zuwa yankan shinkafa.”

Baba ya daɗe yana duban abin da ke hannunsa. Ya ce to.

Damina ta kankama muna kan tabarma. Kullum in rana ta ɗan ɗaga, Kaka za ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta narkar da man kaɗe a murfin kwano, ta gasa mini hannun da tsumma. Har yau in hadari ya haɗo na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, hancina sai ya nemo man kaɗe a ciki. Tausarta ba irin ta murza-murza ba ce. Takan kafa tushen tafinta a wuri ɗaya, ta danna kaɗan, ta ja fatar gefe guda, sai ta tsaya cak. Tana iya tsayawa har kaza ta ƙetare tsakar gida ta dawo. Da fari wurin zafi yake kamar an goga barkono, can sai in ji wani abu ya saki a ciki, hannunta ya matsa gaba da kansa. Na tambaye ta me take jira, ta ce izini.

Na taɓa ce mata ta tsufa ta rikice, ciwo na gwiwa tana ta faman bayana. Ta kama gefen rigata a wajen ƙugu ta murɗe, wuyan rigar ya shaƙe ni. Ta ce to ina ta taɓa, ina na ji?

Kada ku ɗauka na ba ta haɗin kai. Na ɓuya a bayan rumbu, na yi ƙaryar ciwon ciki, rannan ma na gartsa mata cizo a dantse har haƙorana suka fito. Ta dubi wurin ta ce ai da ma ta san biri take jinya, ta ci gaba da aikinta. Ma'auninta ƙuli-ƙuli ne. In an gama sai ta sa mini guda a hannun dama, ta ce in ya kai baki nawa ne. Ni kuma sai in miƙo wuya kamar agwagwa in cafke, ta dungure mini kai ta ce hannu aka ce ya zo, ba baki ya je ba. Ƙuli nawa ta mayar cikin gwangwaninta, Allah kaɗai ya sani.

Ruwa ya ɗauke, fadama ta yi ja, aka shiga yankan shinkafa. Hannuna ya motsa, amma iyakarsa haɓa. Baba ya dawo ya gwada da idonsa, ya ce wa'adi ya cika, ya yi haƙuri iya haƙuri, gobe da safe za mu ƙetare. Da safen Inna ta yi mini wanka tana share ido da gefen zane. Ya kama hannuna na hagu, mun kai bakin zaure, sai muka ji Kaka daga bayanmu ta kira shi da sunansa. Sunansa na yanka, ƙarara, sau ɗaya.

Taɓarya ta tsaya a hannun Inna. Ni kaina sai na ji kamar wani baƙo ake kira. Baba ya juyo, a karo na farko na ga idonsu ya haɗu.

Ta ce, “Ban taɓa roƙonka komai ba. Sakar mini ita.”

Ya sake ni. Ya tsuguna nan bakin zaure ya rufe fuska da hularsa, mutumin da ke tsawata wa kowa a tasha. Bai sake tayar da zancen ƙetare ba har ya bar duniya.

Sanyi ya shigo sosai kafin ƙuli ya kai baki. Wata safiya ce ba ta da wani bambanci, na ɗaga hannu ina shirin miƙo wuya, sai na ji ƙuli ya taɓa leɓena. Kaka ta ce in sake. Na sake. Da rana ta ɗauke ƴar tasata ta zuba wa kaji dusa a ciki, ta tura ni cikin yayyena, na sa hannun dama a kwano. Miyar kuka ce, kuma ban taɓa cin mai daɗinta ba.

Saura miƙewa. Ta ci gaba da bi a hankali har hannun ya sauka, ya rage ɗan lanƙwasa kamar faɗin yatsu uku, ya tsaya nan. Wata biyu tana fama da wannan ragowar bai gusa ba. Da zafi ya shigo ta kwanta ciwo. Rannan da la'asar ta sa aka kira ni, ta kama gwiwar tana shafawa da yatsun da ba sauran ƙarfi a cikinsu, ta ce, “Birinya, ki yafe mini, ban ƙarasa miki ba.” Ni kuwa ƙawayena na jirana a waje da igiyar tsalle. Na ce to, na zare hannuna na fita. Kwana uku bayan nan aka kai ta makwancinta.

Wannan “to” ɗin ya fi shekara arba'in yana cina. Da hannun nan na yi rubutu, na yi daka, na goya ƴaƴa biyar, da shi nake tuƙa tuwon da direbobi ke layi a kansa a bakin iyaka. Amma duk sanda na dubi ɗan lanƙwasan sai in tuna ta tafi tana ganin ta gaza, ni kuma ko na gode ban ce mata ba.

Yanzu zamani ya sake. Masu hannu irin nata sun yi ƙaranci a unguwa, wanda baya ya riƙe sai ya sayi ƙwaya a tire ya haɗiye ya hau mota. Ban ce komai na da ya fi ba, na ga yaran da aka kai asibiti da karaya suka fito garau, na kuma gode wa Allah. Ni ma bara da kafaɗa ta dame ni, babbar ƴata ta matsa sai da na je. Aka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, aka tura ni wajen kine, mai gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Sa'an ɗana ne, yana da fitila mai zafi da na'urori, ga layi a ƙofa. Ya yi mini bayani da ladabi cewa akwai wani tantani da ya naɗe kowace tsoka ya haɗa jiki wuri guda, a karatunsu fasiya suke ce masa. Na ce Allah ya ƙara ilimi, ɗana, ci gaba.

Da ya zo kan gwiwar sai ya tsaya. Ya tambayi labarinta, na ba shi a taƙaice, na ce mai aikin ce ba ta samu ƙarasawa ba. Ya ɗaga hoton wajen taga ya daɗe yana dubawa, ya nuna mini wani ɗan tudu a bakin ƙashin.

Ya ce, “Mama, wannan ragowar ba ta nama ba ce. Ƙashi ne ya tokare, haka ya haɗe tun farko. Duk abin da hannu zai iya saki an sake shi. Ko ni nan zan tsaya.”

Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na ɗaura ɗankwalina na fito. Mai kabu-kabu yana ta yi mini magana a bakin ƙofa ban ji shi ba. Na samu dakali a inuwa na zauna, na riƙe gwiwar da hannun hagu, na faɗa a fili yadda na kusa da ni za su ji, ban kuma damu ba.

“Kaka, ashe kin ƙarasa. Na gode.”