Kunun da Na Miƙa ta Kan Danga

Har yau in na ji warin kanwa barin wurin nake yi.

A gidanmu na yi haihuwar fari, shekara biyu bayan ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu an maishe mu sabon matsuguni. Gwaggo, yayar babana, ita ta karɓi jegona. Safe da yamma ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini har fata ta saluɓe. Daga nan sai gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, cikin bazara fa! Sannan ƙwarya guda ta kunun kanwa, wai kada sanyi ya shige ni.

Kafin sati uku ƙafafuna sun yi suntum. In na kwanta numfashi ya gagara, sai a zaune nake barci. Mata kuwa su shigo suna yabawa: "Kai, jego ya karɓe ta! Sannu da ƙoƙari, Gwaggo." Ina haki kamar akuyar da aka koro, su suna ganin ƙiba. Tir da wannan yabo.

Baba ne ya gaji da jin tarina, ya sa aka kai ni asibitin Tudun Wada. Malamin asibiti ya danna ƙwaurina da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce, "Wannan ruwa ne, ba ƙiba ba. Zuciyarki ce ta gaji. In kina son ki raini yaron nan, ki bar kanwa, ki bar kwanciya kan wuta." Ya ba ni ƙwayoyi masu sa fitsari.

Gwaggo ta taɓe baki. "Me namiji ya sani a jego? Mu da muka haifi goma, kanwar ta kashe mu ne?" Wutar gado dai ta bari don kunyar Baba, amma kunu, ta ce sai ta ga ƙwarya wayam.

Ba ni da bakin musu da ita. Maƙwabciyarmu, wadda muka taso tare tun a tsohon gari, ta riga ni haihuwa da kwana huɗu, ga ta da son kunun. Kullum sai in zagaya bayan ɗaki in miƙa mata ta kan danga. Ta sha nata, ta ɗora da nawa, ta miƙo ƙwarya tana cewa, "Allah ya bar zumunci, ƙawata." Na ga ƙafafunta suna kumbura kuwa, na gani sarai. Amma ban faɗa mata abin da malamin ya ce ba, don kada ta daina karɓa.

Kumburina ya sace, Gwaggo na ta bugun ƙirji wai aikin kununta ne. Ita kuwa ƙawata, ana saura kwana uku ta yi arba'in, ta faɗi a wurin wanka, ba ta tashi ba.

A wurin zaman makoki mata suka yanke hukunci: sanyi ne ya shige ta, ba a ba ta kanwa yadda ya kamata ba. Uwarta na kuka tana amsa laifin. Ina zaune kusa da ita da ɗana a cinya.