Tabon da Raguwa Ta So

Tun tana ƙarama ake ce mata Raguwa. Yara na tsere, ita tana tsugune bakin ƙofa tana haki, leɓenta ya yi shuɗi-shuɗi. Da ta girma, babban wanta, Yaya, ya ba ta teburin guga a shagonsa na wanki, wai tsayuwa wuri ɗaya kaɗai ta iya. A saman bene ake shanya, ita kuwa ba ta taɓa kai baho can ba. Takan bi ƙafafun masu hawa da kallo, ta koma kan gugarta.

Sai da ta fara furfura wata likita ta gano abin. Jijiya ce da aka haife ta da ita ta kauce hanya, tana juye jini cikin zuciya bai bi ta huhu ba. Raguwa ba ta tsorata ba. Murna ma ta yi, a zatonta za a tsaga mata ƙirji, ta samu tabon da za ta nuna a gida.

Ba a tsaga ba. Siririn bututu aka zura ta jijiyar cinyarta har zuciya, aka toshe hanyar. Da za a sallame ta, likitar ta ja mata kunne kada ta ɗauki abu mai nauyi sai wurin ya warke.

A gida Goggo ta ɗaga filastar ta leƙa.

"Wai nan ne aikin? Ai cizon sauro ya fi shi."

Yaya ya yi dariya daga bakin ƙofa. "Madalla, ƙanwata. Yanzu da izinin likita za a yi mana lalacin."

Washegari da hantsi ta je shago. Ta ɗora bahon jiƙaƙƙun kaya a ka, ta kama matakala. Ta kai har sama, ba haki. Ta tsaya tsakanin igiyoyin shanya tana jan iska, tana jira wani ya ɗago kai ya gan ta.

Sai ta ji ɗumi yana bin ƙafarta. Kafin ta sauke bahon, zaninta ya rine da jini.

Yaya ne ya sauko da ita a goye, yana ihu a nemo mota. A tsakiyar matakala ya ji hannuwanta sun saki wuyansa. Ya so ya kira ta da sunanta na yanka, ya laluba, bai zo masa ba.

"Raguwa," ya ce. "Raguwa, don Allah ki riƙe ni."