Fili Mai Lamba Sha Tara

Ja kujerar nan ka zauna, kofi bai huce ba, in ba ka labarin Wendell Haskins. In ka taɓa yada zango a dazuzzukan arewacin Idaho lokacin zafi, da wuya a ce ba ka gan shi ba: dogon tsoho mai hular kamun kifi, koriyar a-kori-kura tana jan farin gida mai taya, kekuna biyu ɗaure a baya.

Shekara talatin da ɗaya Wendell ya yi yana raba wasiƙu a Lewiston. A aikin nan kuwa, abin da ake fara cusa wa mutum shi ne kada ya yi baya da mota sai dole. Gara ka zagaya unguwa da ka yi ribas ka taka keken ɗan wani. Haka ya yi ritaya, direba na ƙin ƙarawa in dai gaba za a yi. Baya kuwa, sai da Lorna.

Lorna ce matarsa, 'yar gajeriya mai furfura, ba ta da yawan magana. Duk zangon da suka isa, ita ke sauka ta tsaya a bayan gidan, inda zai hango ta a madubi, ta ɗaga hannu. Ka dai san halinmu mutanen hanya: da an ga baƙi za su shigar da gida da baya, sai kowa ya fito da kujerarsa, don ba a rasa miji da mata su yi ta ihu har a ambaci surukai. Su Wendell ba sa ba mu wannan kallon. Yatsa nan, tafin hannu can, gida ya shige kamar an zuba masa mai. Shi kuma ya fito yana gyara hula, yana karɓar yabo.

Akwai wani tafki a can cikin gandun daji, da filin zango mai lamba sha tara a bakinsa. Wata shida kafin lokaci ake kama shi. Mashigarsa matsattsiya ce, manyan itatuwa biyu a dama, ƙaton dutse a hagu, ga kwana. Shekara sha huɗu a jere suna yin mako biyu a wurin. Da safe su hau tudu a ƙafa, da yamma su bi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa a keke, Lorna ta tsinko 'ya'yan itacen daji ta zuba a ƙullun fanke.

Bana sai ta ce ba ta zuwa. Ba faɗa aka yi ba, lafiyarta kuma ƙalau.

"Shekara sha huɗu ina dasa tumatir maƙwabta na ci," in ji ta. "Ina so in ga guda ɗaya ya nuna a kan idona. Kuma ina so in yi wanka ba tare da gwiwar hannuna ta bugi bango ba."

"Tafkin fa?"

"Ka gaishe shi."

Ya zaci wasa take yi, har ranar tafiya ta zo ta miƙo masa kwandon abinci ta taga. Ya sauke kekenta ya jingina a gareji, ya kama hanya shi kaɗai, yana gaya wa kansa ai hannunsa ne ke kan sitiyari duk shekarun nan.

Mai kula da zangon wani tsohon ɗan kwana-kwana ne mai ƙaton ciki, Gus Pettibone. Ya leƙa cikin motar ya ga kujera babu kowa.

"Ina shugabar? Ko ta gane gaskiya ta gudu?"

"Tana gadin tumatir. Zo ka tsaya mini a baya."

Gus ya tsaya, ya yi duk abin da ya kamata, babu kuskure. Sau shida suna gwadawa. A na uku gidan ya kankare ɓawon itace, a na biyar fitilar baya ta fashe a jikin dutsen. Kafin nan kujeru sun cika gefen hanya, har da mai riƙe da kwanon gyaɗa.

"Babban direba," in ji Gus yana share gumi, "na ce tsaya, ban ce ka je ka gaida dutsen ba."

Dole Wendell ya ja gidansa ya ajiye a filin tsakuwa kusa da ma'ajiyar shara, inda masu jiran gurbi ke tsayawa. Gus ya biyo shi, wannan karon ba da wasa ba. Doka ce, in ji shi: wanda ya kama fili bai shiga ba zuwa sha biyun ranar gobe, a ba wani. Ga wasu can daga Spokane, kwanansu biyu suna jira.

Waya ba ta kamawa a bakin tafkin, sai a kan tudu. Da sassafe ya hau keke zuwa gindin tudun, ya jingina shi, ya fara hawa. Tafiyar awa guda ce, amma ya riƙa tsayawa a wuraren da Lorna ta saba tsayawa ta huta, ko da yake shi bai gaji ba. Daga sama ana ganin filin, ɗan fari a tsakanin itatuwa, babu kowa a ciki.

"Ka shiga?" Abin da Lorna ta fara tambaya ke nan da ya kira ta.

"Lafiya lau." Ya yi ɗan tari.

"Tsoho, ba ka iya ƙarya ba, tari kake yi. Me ka fasa?"

Ya gaya mata komai, har da mai gyaɗa. Ta yi dariya sai da ya janye wayar daga kunnensa. Sannan ta tambaya yadda Gus ke ba shi hannu.

"Daidai yake bayarwa. In an zo wurin tsayawa ya ce tsaya."

"To ai matsalar ke nan. Kai in aka ce tsaya, sai ka ƙara taku ɗaya da rabi. In aka ce juya kaɗan, sai ka ninka. Ni tun kafin a kai nake tsayar da kai, kuma rabin abin da nake so nake nuna maka. Ka gaya masa haka."

Wendell ya nemi dutse ya zauna.

"Shekara sha huɗu? Ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa ka ce za ka gyara, ka rikita ni? Kuma kana jin daɗin gyara hular nan taka."

Ya kalli tafkin. Can ya ce, "Lorna, awa huɗu ce fa kawai. Gus zai iya zuwa ya ɗauko ki a tashar gari."

"Tumatir na farko ya fara yin ja. Jiya na gani."

"Ki tsinko shi ki taho da shi."

"A'a. Kuma kada ka dawo mini ka tsaya a kaina kana ajiyar zuciya. Ka gama kwanakinka. Sauka, rana tana yi."

Da ya kai wa Gus saƙon, sai da Gus ya dafa a-kori-kura don dariya. Amma ya bi maganar, ya riƙa ɗaga hannu tun da sauran wuri. A gwaji na biyu gidan ya shige tsakanin itatuwan da dutsen, saura minti ashirin sha biyu ta cika. Masu kujeru suka tafa. Wendell ya ɗaga musu hannu kawai, ya shiga ciki.

To, ya samu filinsa. Tafkin yana nan yadda ya bar shi, agwagin ruwa suna kukansu, hazo yana tashi da safe. Ya kwaɓa ƙullun fanke ya ga ya yi yawa, ya kai wa Gus sauran. Ya bi hanyar jirgin a keke, ya iske kansa yana rage gudu yana waiwaye kamar Lorna na biye da shi. Kullum da safe ya hau tudu, ta ba shi labarin tumatir, shi ya ba ta na ruwa, kowa yana yaba na ɗan'uwansa. Ba wanda ya ƙara cewa zo.

A rana ta huɗu Gus ya same shi zaune a bakin ruwa, kofinsa ya huce a hannu.

"Mutanen Spokane suna nan a tsakuwa har yanzu," in ji shi. "Ba korar ka nake yi ba, ɗan'uwa. Amma in za ka tashi, ka gaya mini kafin rana ta yi, in ba su. In ka bari ya fita hannunka kuma, ba ya dawowa bana."

Wendell ya ce zai yi tunani. Saura masa kwana goma a wurin da ya yi wata shida yana mafarkinsa, ga kuma matar da ta ce kada ya dawo, awa huɗu tsakaninsu.

Kai da ka zauna ka ji, in kai ne a kujerar nan, me za ka ce wa Gus?