Konjen Cindo Mai Gadin Kampama

Shekara goma sha huɗu Cindo ya yi yana gadin kampamar Cadawa, wato soron nan mai ƙofa biyu da turawan Faransa suke sauka idan suna rangadi tsakanin Maraɗi da Tasawa. Aikinsa shara, dafa ruwa, korar awaki daga baranda, da cewa "Wi, mushe", wato "I, ranka ya daɗe" da Faransanci, ga duk abin da aka faɗa masa. Wata rana wani bature ya tambaye shi ko akwai maciji a ɗakin, ya washe baki ya ce, "Wi, mushe." Baturen bai sauko daga mota ba.

Da aka sami 'yanci turawa suka daina zuwa, ba kuwa wanda ya tuna ya gaya wa Cindo ko yana da aiki ko ba shi da shi. Ya taka har buro, wato ofishin gwamnati, a Tasawa ya tambaya. Sabon magatakarda ya birkita takardu, ya ce bai ga kampama ba balle mai gadinta, ya dawo wani lokaci. Gona tuni Cindo ya bar wa ƙanensa, fatauci bai iya ba. Yakan tsaya da tsintsiya a hannu, ya rasa ko shi ma'aikacin gwamnati ne ko kuwa mutum ne kawai mai son shara.

Rannan ya tuna cewa duk baturen da ya rame ya fara faɗa da kowa, sai a ce ya tafi konje, wato hutu a wata ƙasa, ya dawo da ƙiba yana dariya. Ya shiga gida ya ce wa matarsa Habi, "Konje zan tafi. Ingila." Haka mutanen Cadawa suke kiran duk abin da yake bayan iyaka ta wajen Najeriya.

Habi ta ajiye taɓarya. "Malam, me ake yi a konjen?"

"Ba a yin komai."

"To wata uku ke nan kana cikinsa."

"Wannan a gida ne," in ji Cindo. "Na gida zaman banza sunansa."

Ya ɗauko hular kwano da wani bature ya manta, da akwatin ƙarfe wanda ba shi da abin sawa a ciki sai tsintsiya sabuwa. Labari ya bazu. Tsoho mahauci, amininsa, ya kawo akuya a kai wa 'yarsa Zainaba da take aure a Jibiya. Gwaggo mai daddawa ta kawo ƙwarya biyu da saƙon zagi ga wata ƙanwarta. Wasu suka ce ya taho musu da kananzir. Ranar tafiya, kayan mutane suka cika jaki, mai konje ya bi a ƙasa yana jan akuya.

Kwana uku yana tafe yana duban inda ƙasa za ta sake launi. Da ya gaji ya tambayi wata mai fura, "Baiwar Allah, Ingila da saura?"

"Tun hantsi kake cikinta," in ji ta. "Kai ba Cindon kampama ba ne? Yaya Habi?"

Gidan surukan Zainaba aka sauke shi, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Da safe kowa ya nufi gona, shi kuwa ya shimfiɗa tabarma gindin bedi, ya kafa hular kwano, ya miƙe ƙafafu, ya fara konje. Kafin azahar maƙwabta sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. "Sannu, Malam. Ya jikin?" Ya ce lafiyarsa lau. Suka dubi juna, suka ce irin wannan ciwon shi ne mugu, mai shi ba ya sani. Aka jiƙa masa saɓara, aka kawo rubutu, aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho huɗu a baya, ƙarti biyu na danne da shi yana ihu, "Konje nake! Konje!" Mai gidan ya girgiza kai ya ce Allah ya sawwaƙe, har cutar ta taɓa harshe.

Kwana na uku Cindo ya buɗe akwati, ya ɗauko tsintsiya, ya share tsakar gidan tas, ya bi su gona. Aka yi ta yaba wa wanzami.

Da ya dawo Cadawa, baya duk tabo, sai ya ji hayaniya cikin kampama. An zuba yara arba'in a ciki, an mai da ita lakol, wato makarantar boko. Wani saurayin malami ya fito da alli a hannu ya ce, "Baba, kai ne mai gadin nan? Mako biyu muna nemanka."

Cindo ya cire hula ya ce, "Wi, mushe."

Aka ba shi sandar ƙarfe da tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye jikin gawo, ya riƙa buga wa yara lokacin shiga da na tashi. Agogo ba shi da shi, inuwar gawon yake dubawa, don haka ranar da aka yi hadari yaran Cadawa sukan tashi lokacin da Cindo ya ji yunwa. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, har 'ya'yan waɗancan yaran suka zo suka same shi.