Sanƙon Akun Maƙwabciyata

A shekara ta biyu ta korona ina zaune a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju, a ƙasar da na je karatu, daga ni sai takardun digirina na uku. Ƙofar da ke kallon tawa ta wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, mijinta ya rasu, 'yarta tana aure a wata jiha. Makcik nake ce mata, kamar dai a ce gwaggo. Tana da aku mace, irin ta Madagaska da ake kira vasa, baƙa, mai dogon wuya da kallon raini. Ni dai ban taɓa ganin abin so a jikinta ba.

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukar Makcik, ta turo kejin bakin ƙofata, ta ja da baya, ta ce ta cikin takunkumi, "Amana ce, 'yata. Kullum ki turo min hotonta, boleh?" Wato "zai yiwu?" a yarensu. Na ce to.

Satin farko lafiya lau. Daga nan tsuntsuwar ta birkice. In na miƙa mata gwanda, hannuna take kai wa sara. Ta taɓa tsaga min babban yatsa har jini ya ɓata min hijabi. In na buɗe keji don ta miƙe ƙafa, sai ta biyo ni kicin a guje, fukafukai a buɗe, tana ihu. Ni ma ba haƙuri ya ishe ni ba. Na zage ta da Hausa, irin zagin da ban taɓa yi wa mutum ba, har na taɓa lulluɓe kejin da zane da rana tsaka don in samu in yi karatu.

Sai gashin kanta ya fara zuba. Kafin in ankara ta yi sanƙo tal, fatar ta koma ruwan ɗorawa. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan, baƙin halina ya sa wa tsuntsuwar mutane ciwo. Na naɗe hannu da tawul na shafa mata man kaɗe, wai ko gashin zai tsiro. Ta saka min da wani cizon.

Hoton gaskiya kuwa na kasa turawa. Na gaya wa kaina matar da ke numfashi da ƙyar ba ta buƙatar ƙarin damuwa, amma a zahiri kunya ce da tsoro suka hana ni. Sai na riƙa tura mata hotunan satin farko, kullum ɗaya.

Wata safiya saƙon muryarta ya shigo, tana magana tana tsayawa ta ja numfashi.

"'Yata, na ga har yanzu gashin kanta yana nan. Ba daidai ba ne fa. Na manta ban gaya miki ba, duk shekara war haka sai ta yi sanƙo, ta yi ta faɗa, lokacin neman mijinsu ne. In ba ta yi ba, to ba ta da lafiya. Kwana uku ina tunaninta, na kasa cin abinci. Don Allah ki kai ta wurin likita."

Na ɗauki hoton sanƙon nan, na rubuta mata komai, na nemi gafara. Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Washegari 'yarta ta kira ni, ta ce tun jiya da hantsi aka ɗora Makcik a kan na'urar numfashi. Bayan kwana huɗu Allah ya yi mata rasuwa.

Sai da aka sassauta dokar kulle 'yar ta samu zuwa. Lokacin gashin ya tsiro, tsuntsuwar ta huce, har abinci take karɓa a tafin hannuna. 'Yar ta ɗauki kejin, ta kai ƙofa, sai ta juyo.

"Maganar ƙarshe da muka yi da Mama a kan tsuntsuwar nan ce. Kuka take yi, wai ba ta da lafiya. Me likita ya ce?"

Na ce lafiyarta ƙalau tun farko. Ta ce alhamdulillah, ta yi min godiya har sau biyu. Sauran ban iya faɗa mata ba.