Farar Ƙasar da Na Shafa a Kan Tablon

Ranar jajibirin Babbar Sallah ce, shekarar da nake aji biyar, na tsaya a zauren gidanmu na Umdurman riƙe da bokitin jir, farar ƙasar da muke shafe bango da ita duk Sallah. Tun da safe Inna ta raba mana aiki. Yayata tana yin kisra, siririyar wainar dawa, a madafa, ƙannena suna kakkaɓe gadajen igiya a tsakar gida, ragon layya yana gindin dalbejiya yana taunar igiyar shanya, ni kuma aka ba ni zaure. A nan tablon ɗinmu yake, tsohon akwatin wutar lantarki na katako mai fis na tangaran guda uku, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Duk sanda fis ya ƙone, Baba yakan naɗa masa 'yar waya ya mayar. Ranar nan na ga baƙin hayaƙi ya haura bango daga saman akwatin, tsawon tafin hannu, murfin ya yi ɗumi, ga wani wari kamar na kifin da ya kwana.

Na san ma'anar abin sarai. Kawu Idrisu, ƙanen Inna, mai gyaran wuta ne a Kasuwar Umdurman, duk unguwa Usta ake ce masa, wato gwanin sana'a, kuma ya sha gaya mana: "In kun ga baƙi a bango ko kun ji wari, tablon ya gaji, ku kira ni a canza shi." Amma ni yarinya ce mai son a yaba mata. Na san in na faɗa za a kashe wuta a fasa bango, a yi Sallah ba fanka ba ruwan sanyi, ƙawayena masu zuwa daga Khartum su tarar da zaurenmu kaca-kaca. Sai na tsoma buroshi na shafe baƙin har sau uku, na haɗa da murfin, na ajiye kaskon turaren wuta a ƙarƙashi.

Da la'asar Kawu ya biyo a kekensa daga wajen tela, ba kayan aiki a hannunsa. Baba ya ce ya duba mana wuta, don an aro firiji na biyu saboda nama. Kawu ya dubi bango fes, ya shaƙi iska bai ji komai ba sai turare, ya tambaye ni ko na ga wani abu da nake shafe. Na dubi idonsa na ce ban ga komai ba. Ya ce to tablon zai kai mu Sallah, daga baya sai ya zo ya buɗe.

Washegari da azahar, firiji biyu suna aiki, ga fankoki, ga dutsen guga, tablon ya kama da wuta. Maza suka kashe wutar da yashi, ba wanda ya ji ciwo, amma rufin zaure ya tafi, tare da akwatin takardun da kakanmu ya taho da su daga Kano a hanyarsa ta Makka. A gaban baƙi Baba ya wanke Kawu tas, ya ce sunan Usta ya fi ƙarfinsa. Ina laɓe bayan randa ina ji, ban fito na faɗi gaskiya ba. Magana ta zaga unguwa, mutane suka daina kiransa, a ƙarshe ya koma unguwar Dar Salam a bayan gari yana aikin da ya samu. Kunyar abin nan ta hana ni cin naman Sallah da daɗi shekara da shekaru.

Sai da na yi 'ya'ya uku na iya zuwa na durƙusa gabansa. Ban kai rabin magana ba ya ɗaga mini hannu.

"Ai da na kwashe tokar na ga jir a kan murfin, Hauwa. Ke yarinya ce, ni ne aikina ya ce in buɗe, ban buɗe ba."

Yanzu tablon na ƙarfe ne a gidana, da kansa yake yanke wuta in abu ya yi masa yawa, jir ma fenti ya kore shi. Kawu ya rasu, ba mai tsayawa a zaure ya shaƙi iska irin tasa. Duk Sallah in ana fenti, nakan sa a bar faɗin tafin hannu a saman akwatin ba a shafa ba. Yara suna cewa wurin ya ɓata ɗakin, ni kuwa wurin Kawu ne.