Rumbun Irin Ciyaman Yari

Duk wanda ya ce maka Yari Jibrilla ɓarawo ne, ka turo mini shi. Na san mutumin tun yana kora jakai da kanwa daga Burkusuma zuwa kasuwar Isa, ƙafa duk faso. Daga nan ya zama kansila, daga baya aka ba shi ciyaman na garinmu. Har ya sauka, katangar gidansa ta laka ce.

Shekarar da fari ya maimaita, abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba. Yari ya bi gida-gida yana roƙon kowane magidanci damin gero guda, mai zangarniya mai ƙwari. Aka zuba a babban rumbu, aka liƙe bakinsa da laka. Ya ce, "Wanga iri ne. Ba mai taɓa shi sai ruwa ya sauka." Kowa ya ce madalla, don lokacin da sauran abin sawa a tukunya.

Da bazara ta kama, yunwa ta shigo gari da ƙarfinta. Mata na dafa tafasa da dusa. Yayarsa Laraba ta same shi har gida tana kuka.

"Yari, ko mudu guda, don jikokina."

"Yaya, in na buɗe miki, wa za ni hana?"

Ya kwance akuyarsa ta ƙarshe ya ba ta. Ta tafi ba ko sallama.

Sai masu bakin tsiya suka fara: wai ya sayar da geron a Nijar, laka kawai yake gadi. Kai jama'a! Mutumin da ya rame kamar kara, da me ya ci kuɗin? Suka kai ƙara sama, aka tuɓe shi, aka ɗora wani mai tumbi. Ranar farko sabon ya sa aka fasa rumbun, har da makaɗa. Gero na nan cif, ko zangarniya ɗaya ba ta ɓace ba. Akwai wanda ya je ya ba Yari haƙuri? Ko ɗaya! Aka daka, aka dama, cikin 'yan kwanaki iri ya ƙare. Ban ga laifin mai jin yunwa ba. Haushina yana kan ƙattin da suka san me ake nufi da iri, suka tsaya suna tafi.

Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gonaki sun jiƙe sharkaf, babu abin shukawa. Waɗanda suka zage shi suka cika ƙofar gidansa da "ranka ya daɗe", wai ai sun san ba zai rasa ɗan abin da ya ɓoye ba. Dubi rashin kunya! Yari ya fito. Ya shige gaba, ya kai su rumbun gidansa, ya ɗaga murfin. Wayam. Nasa irin ma yana cikin wanda suka cinye.

Damanar nan ciyawa gonar Yari ta fitar, kamar ta kowa.